Abin da Rubutu Ke Ɓoyewa a Bakin Ɗan Tambuwal

Yaron da ya tashi a Tambuwal, ko Dogon Daji, ko Kebbe, yana shiga aji da wani bambanci na nahawu a bakinsa wanda littafin karatunsa bai nuna ba. A daidaitacciyar Hausa, wadda aka gina bisa Kananci, "ya tafi" iri ɗaya ake rubuta ta ko da an sauya yanayin jimla. A furucin Bakano, tsayin wasali ke raba "Audu ya tafi" da "jiya ne ya tafi": dogo a ta farko, gajere a ta biyu. Basakkwace kuwa cewa yake "jiya na yat tahi". Ya ɗaure baƙin, gaɓar farko ta rufe ta yi nauyi: yat-ta-hi. Haka yake cewa "munka", "sunka" maimakon "muka", "suka", kuma "rigar Bello" ta koma "rigab Bello". Ra'ayina shi ne, malamin da ya ja wa wannan jan biro da sunan kuskure, ba tare da bayani ba, ya zubar da makamin da zai fi taimaka masa wajen koyar da gaɓa.

Italiyanci ya yi kama da wannan ƙwarai. A can ma ɗaurin baƙi yana sauya ma'ana: "pena" wahala ce, "penna" alƙalami. Har ila yau mutanen Firenze da Roma suna ɗaure baƙin farkon kalma bayan wasu ƙananan kalmomi, "a casa" ta fito kamar "accasa", alhali rubutu bai nuna ba. Sai dai can furucin ya samu gata, domin a kan karin Firenze aka kafa daidaitaccen harshensu. Na Sakkwato bai taki wannan sa'a ba.

Batun ƙarshen aikatau ya fi sarƙaƙiya. Bataliye yana gane mai aiki daga ɗafa-ƙeya: "parlo" ni ke magana, "parla" shi ke yi. Hausa ta ɗora wannan nauyi a kan wakilin suna, ta bar wa wasalin ƙarshe aikin ma'ana. Masanin harshe F. W. Parsons ne ya tsara wannan cikin rukunoni bakwai a 1960, misali: saya, sayo, saye, sayar, sayu, kowanne da inda ya dosa. Ɗauki "ya saye shi". Tana iya nufin ya biya kuɗi ya karɓa, tana iya nufin ya kwashe kayan kaf bai bar ko ƙwaya ba. Karin sauti kaɗai ke raba su, boko kuma ba ya sa masa alama. Italiyanci aƙalla yakan sa 'yar alama a kan "parlò", wato ya yi magana, don kada a ruɗe da "parlo". A yammacin ƙasar Hausa kuma rukuni na biyar, wato irin "sayar", sau da yawa da "s" yake ƙarewa, a ce "ya sayas", ko "ya sayad da shi".

Ba cewa nake a rushe daidaitaccen rubutu ba. Jarrabawa da jarida suna bukatarsa. Amma tsoffin malaman ajami na Sakkwato suna da shadda, da ita suke nuna ɗaurin baƙi yadda yake fita daga baki. Almajirin da ya san shadda a allo ya riga ya san rufaffiyar gaɓa, kuma daga "yat tahi" ya kamata darasin ya fara kafin a kai ga "ya tafi".