Bangon da Bom Ya Rusa a Paduwa

Yau Italiya muka nufa.

A shekarar 1448 aka ba wasu masu zane aikin ƙawata wani ɗakin ibada a cocin Eremitani da ke birnin Paduwa. Cikinsu akwai wani matashi, Andrea Mantegna, mai shekara 17 ko kusa da haka. Wasu daga abokan aikin suka rasu, wasu suka janye, nauyin ya koma kansa, bai kammala ba sai wajen 1457. Labarin Yakubu, almajirin Annabi Isa, da na waliyyin Kirista Kiristofa ya zana a jikin bango. A kan ɗanyen yaɓe ake shafa launin, su bushe tare, don haka zanen da bangon abu guda ne.

Abin da ya fi burge mu shi ne inda ake kai Yakubu wurin kisa. Mantegna ya auna inda mai kallo zai tsaya, ya zana mutanen kamar daga ƙasa ake hangensu, ƙafafunsu daidai idonka, gine-gine na neman rufto maka. Kafin ka san labarin, ka riga ka ji ƙanƙanta.

Ranar 11 ga Maris, 1944, jiragen yaƙin ƙawance suka saki bom a kan cocin. Sassan da aka riga aka ɓamɓare daga bango aka adana a wani wuri ne suka tsira. Sauran suka zama ɓaraguzai, aka tsince fiye da 80,000, da yawa ba su wuce girman kan sarki ba.

Da me za a san mazaunin kowane gutsure? Da hotunan fari da baƙi da aka ɗauka kafin yaƙin. Masana a jami'ar Paduwa suka sa kwamfuta ta gwada gutsuren da hotunan, a 2006 aka mayar da waɗanda aka gano bisa bango. Kaɗan ne, giɓin ya fi yawa.

Mukan raina kwafi, mu ce ai ba asali ba ne. A nan kuwa ba don shi ba, da sai dai a ba mu labari. Amma kada mu wuce gona da iri wajen yabonsa. Wanda ya buɗe littafi a kan tebur daga sama yake kallon Yakubu, alhali Mantegna so ya yi ka ɗaga kai.