Kafireto a Garejin Kontagora: Daga Zamanin Fijo Zuwa Injin Ban-ruwa

Duk wanda ya tashi a Kontagora ya san garin nan a kan babbar hanya yake, wadda ta taso daga Legas ta Jebba da Mokwa ta wuce Yawuri har Sakkwato. Hanya ita ta kawo motoci, motoci suka kawo kanikawa. A cikin kanikawan kuwa, a da babu wanda ake ji da shi kamar mai gyaran kafireto.

Ga wanda bai sani ba, kafireto shi ne ke gauraya fetur da iska kafin su shiga inji, kusan kashi 15 na iska ga kashi ɗaya na mai idan aka auna nauyinsu. Mai ya yi yawa, baƙin hayaƙi da shan mai. Ya yi kaɗan, mota ta riƙa tari tana mutuwa. Wani Bajamushe, Wilhelm Maybach, ya ƙera irin mai fesa mai ta ƙaramar kafa a 1893.

A wajenmu zamaninsa ya kankama ne bayan 1975, lokacin da kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kaduna. Shekara guda bayan haka aka ƙirƙiro Jihar Neja, ma'aikata suka samu bashin mota, Fijo 504 ta cika tituna. A-kori-kura 404 kuma ta ɗauki buhunan dawa da masara zuwa kasuwannin Mariga da Rijau. Yawancinsu kafireton Solex na Faransa ne a jikinsu.

Mun ga yadda iyayenmu kanikawa ke aikin. Abokan gaba biyu ne: ƙurar hunturu da ruwa a cikin mai. Jikin kafireto na gauraye ne, tutiya da alminiyam, don haka ba ya jar tsatsa irin ta ƙarfe. Wani farin gari yake yi a gindin kwanon mai, shi ke toshe kafofi. Sai maigida ya shimfiɗa tsumma, ya kwance shi ɗaya bayan ɗaya, ya jiƙa a kananzir, wani lokaci har kwana. Ya goge da tsohon burushin haƙori, ya busa kowace kafa, ya ɗaga jet sama ya leƙa haske. Idan yaro ya kuskura ya soka allura ko wayar ƙarfe a jet, ranar zai sha faɗa, domin tagulla ce mai laushi, kafar na ƙara faɗi motar ta zama mashayiya har abada. Ruwan batir da soda ma ba su yarda da su ba, suna cinye jikin. Gasket kuwa da kwali suke yanka shi. Saitin ƙarshe da kunne ake yi, babu na'ura.

Bayan tsarin SAP na 1986 Naira ta faɗi, sabuwar mota ta gagara, 'yan Beljiyam suka shigo. Sannu a hankali masu injekta suka rinjayi kasuwa. Muna tuna lokacin da wasu ke cire injekta su ɗora kafireto don shi kanikawa suka sani. A ganinmu wannan asara ce, amma mai mota a ƙauye ba shi da zaɓi.

Sai dai kafireto bai mutu ba, gida ya sake. Yana jikin Bajaj da Jincheng na 'yan acaɓa, yana ƙaramin janareta, da injin markaɗe, da injin ban-ruwan masu noman rani. A Fabrairun 2022, da aka shigo da gurɓataccen fetur mai methanol daga Beljiyam, injina da dama suka tsaya a ƙasar nan, aka koma neman masu wankewa. Bayan cire tallafin mai a 29 ga Mayu 2023, wasu suka sauya kafireton janareta zuwa mai amfani da gas.

Abin da ke damunmu shi ne, yaran yanzu sun fi son su cire tsoho su jefar, su ɗaura sabo ɗan Chana. Manomin da injinsa ya ƙi tashi bayan ya kwana damina da tsohon mai a ciki, sau da yawa wanki kawai yake bukata, amma sai a sa shi sayen sabo alhali albasarsa na jiran ruwa. Kafin a ajiye inji a rufe famfon mai, a bar shi ya ci har ya mutu da kansa, a kwance ƙusar gindin kwano a tsiyaye sauran. Dattawan da suka iya Solex 'yan kaɗan suka rage a garejinmu. Wanda ke da hotonsu na aiki ko tsohon kafireto a ajiye, ya kawo wa sakatare mu adana.