Kano Pillars: Yadda Masu Gida Suka Kafu, Suka Faɗi, Suka Sake Miƙewa

A watannin farko na 2023, duk wanda ya zauna a teburin mai shayi a Fagge ko Ƙofar Mata da safe zai ji wani lissafi da kunnen Bakano bai saba da shi ba. Mutanen da a da suke musu a kan Al Ahly ta Masar da Al Hilal ta Sudan, su ne suka koma ƙirgar makin rukuni na biyu: wa ke saman teburi, wasa nawa ya rage, in an ci na gida aka samo canjaras a waje ina za a tsaya. Wannan ya ce koci ne bai iya canji ba, wancan ya ce 'yan gaba ne ba sa ganin raga da zarar an bar Kano, na gefe kuma ya ajiye kofinsa ya ce shi dai ko ta halin ƙaƙa bana sai an dawo. Kano Pillars, zakaran Najeriya har sau huɗu, tana cikin gasar da masu sharhin wasanni a rediyo ke kira ajin 'yan dagaji.

Ƙungiyar da ake wannan musu a kanta ba tsohuwa ba ce can, in aka kwatanta da daɗewar ƙwallon ƙafa a birnin. Tun 1953 wata tawagar Kano ta ɗauko kofin ƙalubale na ƙasa, lokacin Turawa suna nan. A 1978 Raccah Rovers ta lashe gasar lig ta Najeriya, kuma a shekarar ce ta kara da Fluminense ta Brazil a Kaduna, wasan da Pele da kansa ya shiga fili. To amma Raccah ta dusashe, aka wayi gari Kano tana da 'yan kallo maƙil, tana da yara masu ƙafa a kowace unguwa, ba ta da ƙungiya guda da za ta tsaya da sunan gari.

A 1990, shekarar da Najeriya ta buɗe gasar ƙwararru, aka haɗe ƙungiyoyi uku wuri ɗaya: WRECA, ta hukumar ayyukan ruwa da gine-gine ta jihar, da Kano Golden Stars, da ta Bank of the North. Daga nan Kano Pillars ta fito, a ƙarƙashin gwamnatin jiha. Cikin waɗanda suka tsaya tsayin daka a wannan aiki akwai Alhaji Ibrahim Galadima, wanda daga baya ya shugabanci hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa daga 2002 zuwa 2006. Ƙungiya ta fito daga cikin ma'aikata ba baƙon abu ba ne a wannan yanki namu. A N'Djamena akwai AS CotonTchad ta kamfanin auduga da Elect-Sport ta kamfanin lantarki, a Yamai akwai ta kwastan da ta sojoji. Abin da ya bambanta Pillars shi ne ta yar da sunayen ma'aikatun gaba ɗaya ta ɗauki na gari, mutanen gari kuwa suka karɓe ta hannu bibbiyu. Ɗan kasuwar Kantin Kwari da ɗan achaɓa da malamin makaranta duk suka zama masu ita, suka kuma yi mata kirarin da ya bi ta har yau: Sai Masu Gida.

Shekarun farko na neman gindin zama ne. An yi 'yan wasa na gani na faɗa irin su Ahmed Garba Yaro Yaro, daga baya Sani Kaita ya bi ta nan kafin ya wuce Sparta Rotterdam ta Holan a 2005, amma kofi ya ƙi zuwa. Sai da aka shekara 18 ana jira kafin koci Kadiri Ikhana ya kawo kambun lig na farko a 2008.

Shekarar da ta biyo baya ita ce wadda har gobe ake ba yara labarinta. Pillars ta shiga gasar zakarun Afirka ta 2009, ƙuri'a ta haɗa ta da Al Ahly, mai riƙe da kofin a lokacin, ƙungiyar da ta fi kowace tara kofuna a nahiyar. An tashi 1-1 a Kano, kowa ya ɗauka magana ta ƙare, don ba a saba zuwa Alƙahira a dawo da dariya ba. Aka je aka yi 2-2, ƙwallayen waje suka fitar da Al Ahly a gaban mutanenta. Daga nan Pillars ta ratsa rukunin da ya ƙunshi Al Hilal da Al Merrikh na Sudan da Zesco United ta Zambiya, ta kai wasan kusa da na ƙarshe. Wadda ta tare ta ba baƙuwa ba ce, Heartland ce ta Owerri, ta ci ta gida da waje. A kakar da ta biyo wani matashi da aka ɗauko daga Jos, Ahmed Musa, ya zura ƙwallo 18 a lig, ya fi kowa, ya wuce VVV-Venlo a 2010.

Sai kuma aka shiga shekarun mulki. Mohammed Baba Ganaru ya ɗauki lig a 2012 da 2013, Okey Emordi ya cika na uku a jere a 2014, abin da kafin nan Iwuanyanwu Nationale da Enyimba ne suka taɓa yi. Tawagar ta lokacin ita ce ta Rabi'u Ali da ake wa laƙabi da Pele, da Gambo Mohammed wanda kocin Najeriya Stephen Keshi ya tafi da shi gasar zakarun nahiyoyi a Brazil a 2013, da Shehu Abdullahi ɗan Sakkwato, da Umar Zango a baya.

Ƙarfin wannan zamani duk a filin Sani Abacha yake, nan Ƙofar Mata. Ranar wasa tun kafin la'asar tituna sun cika, rawaya da kore ko'ina, masu kalangu da kakaki sun kama wurinsu, masu sayar da rake da ruwan leda suna kutsawa tsakanin benci, waɗanda ba su samu shiga ba sun manne da rediyo a bakin ƙofa. Daga 2003 har zuwa Agustan 2015 ba a ci Pillars a gidanta a wasan lig ba: wasa 202, shekara 12, sai da Nasarawa United ta zo ta yi mata 2-1. Gaskiya ne cewa a lig ɗin Najeriya cin wasan waje abu ne mai wuya ga kowa, ga doguwar tafiya a mota, ga alƙalan wasa da ke busa usur suna waiwayen taro. Duk da haka kowace ƙungiya tana da wannan gata a gidanta, babu kuma wadda ta jera abin da Pillars ta jera. Ɗan wasan da ya shigo filin nan baƙo ya san da mutum dubbai yake karawa.

Akwai kwanakin baƙin ciki a tsakani. A Maris 2015 'yan bindiga suka buɗe wa motar ƙungiyar wuta a hanyar Abuja zuwa Lokoja, tana kan hanyar Owerri wasan buɗe kaka, 'yan wasa biyar suka ji rauni, har da Gambo. A Fabrairun 2018 mai tsaron baya Chinedu Udoji ya rasu a haɗarin mota a cikin Kano, sa'o'i kaɗan bayan ya buga wa ƙungiyar wasa. A Oktoban shekarar kuma aka je Asaba wasan ƙarshe na kofin Aiteo, wato kofin ƙalubale na ƙasa, Pillars ta sha gaban Enugu Rangers da ci 3-0, Rangers ta farke duka ukun, ta ɗauke kofin a bugun fenariti. Masoya da yawa sun kwana ba su ci abinci ba. Sai a Yulin 2019 aka share hawaye a Kaduna, inda Pillars, ƙarƙashin koci Ibrahim Musa, ta doke Niger Tornadoes 4-3 a bugun fenariti, kofin ya dawo Kano bayan shekara 66.

Faɗuwar ta fara ne daga rasa gida. Da annobar korona ta shigo a 2020, gwamnatin jiha ta mayar da harabar filin Sani Abacha wurin killace marasa lafiya, Pillars ta koma buga wasanninta na gida a filin Ahmadu Bello da ke Kaduna. Ko dawowar Ahmed Musa a Afrilun 2021, yana kyaftin ɗin Super Eagles, a can akasari aka gan ta. Kano ta yi ta jiran ranar da ƙungiyarta za ta dawo. Ranar ta zo a Afrilun 2022, cikin azumi, da maƙwabta Katsina United. Wasan bai kai ƙarshe ba. Rikici ya ɓarke, aka farfasa motar baƙi, hukumar lig ta ƙwace wa Pillars maki uku, ta ci ta tara, ta kore ta zuwa Abuja. Duk da haka ba a tsira ba: a wasa da Dakkada a watan Yuni wani babban jami'in ƙungiyar ya kai wa mataimakin alƙalin wasa hannu, aka sake yanke maki uku. A gasar da ake faɗuwa da tazarar maki ɗaya ko biyu, maki shida dukiya ce. Da aka rufe kaka a Yuli, Pillars tana cikin huɗun ƙarshe tare da Katsina United da Heartland da MFM ta Legas.

Ya kamata a faɗi wannan ba tare da kwana-kwana ba: ba wani maƙiyi daga nesa ne ya jefa Pillars ƙasa ba. 'Yan tsirarun da ke ɗaukar dutse da sunan ƙauna sun cuci dubban da ke sayen tikiti su zauna lafiya, sun kuma cuci 'yan wasan da suka yi gumi a kan makin da aka zare a ofis. Akwai kuma ciwon da ke damun kusan duk ƙungiyoyin da gwamnatocin jihohi ke riƙe da su: shugabanni na zuwa suna tafiya da sauyin siyasa, kuɗi na jiran sa hannu, koci ba ya samun shekarun da zai gina tawaga.

Rukuni na biyu, wato NNL, duniya ce daban. An raba ƙungiyoyi shiyyar arewa da ta kudu, kowace shiyya da rukunoninta, waɗanda suka yi sama su haɗu a wasannin ƙarshe na ƙungiyoyi takwas, huɗu kacal su haye. Babu talabijin a yawancin wasanni, filaye wasu ƙura ce zalla, kuma duk ƙaramar ƙungiyar da ta ga rigar Pillars sai ta buga kamar wasan ƙarshen rayuwarta. Ga shi an yi watanni ana jira kafin a fara kakar ma. A nan ne aka gane masoyan gaskiya. Rabi'u Ali, da shekarunsa da sunansa, bai nemi wata ƙungiya ba, ya ɗaura kambun kyaftin ya bi yaran ƙasa. Magoya baya kuwa suka ci gaba da kiran shirye-shiryen wasanni na gidajen rediyon Kano, suna faɗa, suna ba da shawara, suna tambayar ranar wasa na gaba. Gidajen kallon ƙwallo suna nuna Arsenal da Barcelona kamar kullum, amma da an fito hira sai ta koma kan Masu Gida.

A tsakiyar 2023 aka taru a filin Stephen Keshi da ke Asaba, filin nan dai da Rangers ta farke ƙwallo uku. A wannan karon koci Evans Ogenyi da yaransa suka fito da tikiti a hannu. Katsina United da Heartland ma suka dawo, ta huɗun kuma Sporting Lagos ce, ƙungiyar da Shola Akinlade, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin Paystack, ya assasa a 2022. Kaka ɗaya tak Pillars ta yi a ƙasa.

Hawa daban, zama daban: Sporting Lagos ta sake faɗuwa bayan shekara guda. Pillars ta zauna. Ƙarƙashin Abdu Maikaba har ta je Gombe ta ci Gombe United 5-2, matashi Yusuf Abdullahi ya zura duka biyar ɗin shi kaɗai, a lig ɗin da ake murnar ƙwallo ɗaya a waje. A 2024 Ahmed Musa da Shehu Abdullahi suka dawo gida suka sa riga, filin Ƙofar Mata ya koma cika kamar da, a 2025 kuma gwamnatin jiha ta naɗa Ahmed Musa babban manajan ƙungiyar.

A shekarar ce Kano ta samu ƙungiya ta biyu a babbar gasa. Barau FC, wadda mataimakin shugaban majalisar dattawa Sanata Barau Jibrin ya kafa a 2024, ta bi ta Asaba ita ma ta haye, abin da ya ba birnin wasan hamayya na cikin gida, ya kuma ba yaran unguwanni ƙofa ta biyu. Wannan abin farin ciki ne, kuma matsin lamba ne mai amfani ga Pillars.

Sai dai tsohon ciwon bai warke ba. A Oktoban 2025 Shooting Stars ta Ibadan ta farke ƙwallo a mintunan ƙarshe a filin Sani Abacha aka tashi 1-1, wasu suka tsallako fili suka far wa baƙi da alƙalan wasa. Hukumar lig ta sake zare maki uku, ta ci tarar miliyoyin naira, ta rufe wa ƙungiyar filinta. Ahmed Musa ya fito ya nemi afuwa a madadin Pillars, aka kuma umarci ƙungiyar ta kwashe wasanninta na gida zuwa filin Muhammadu Dikko da ke Katsina.