Asalin Gado a Harsunan Kwamfuta

A birnin Oslo na ƙasar Norwe an yi waɗansu masana biyu, Kristen Nygaard da Ole-Johan Dahl, suna aiki a Cibiyar Lissafi ta Norwe. Tun daga 1962 suka haɗa kai suna gina wani harshen kwamfuta mai suna Simula, wanda aikinsa kwaikwayo ne. Sai a siffanta masa tashar jiragen ruwa ko masana'anta, ya nuna inda layi zai taru da inda lokaci zai ɓata. Aminan juna ne, amma musu ba ya ƙare musu. An ce wata rana wani sabon ma'aikaci ya ruga wurin mai haɗa waya a firgice, ya ce ga mutum biyu can gaban allo suna faɗa. Aka ce masa ya kwantar da hankalinsa, zancen Simula suke yi.

To, akwai abin da ya dame su. Kusan duk abin da ake kwaikwaya yana shiga layi, kuma duk mai bin layi a cikin kwamfuta sai ya riƙe abu biyu: wa ke gabana, wa ke bayana. Maimaita wannan bayani ga kowane irin abu wahala ce, ga saurin kuskure.

A watan Disamba na 1966 suna tunanin wata gada da ake biyan kuɗi kafin a haye, motoci sun jeru, ga manyan motocin kaya, ga bas, ga ƙananan motoci. Kowace da halinta, amma duka suna bin layi iri ɗaya. Sai dabara ta faɗo musu: a rubuta sha'anin bin layi sau ɗaya tak, a ba shi suna Link, sa'an nan a liƙa sunan a gaban duk aji, wato rukunin abubuwa iri ɗaya, da ke bukatarsa. In ka rubuta "Link class Mota", shi ke nan, Mota ta iya bin layi ba tare da ka koya mata ba. Da suka ƙara dubawa, sai suka ga ai kowane aji ma ana iya liƙa shi a gaban wani. Mota sai ta haifi Bas, ita kuma Bas abin da za ta ƙara na kanta kawai za a rubuta, kamar yawan fasinja. Wannan shi ake kira gado. Ka ga ke nan daga gada gado ya fito. Kafin nan Tony Hoare na Ingila ya riga ya kawo shawarar kasa bayanai aji-aji da ƙananan aji, kuma sun amfana da ita ƙwarai.

Yadda abin yake a cikin na'ura ba wuya. In aka ƙirƙiri Bas guda, kason Link ne ke fara zama a ma'adana, kason Mota ya biyo, na Bas ya zo ƙarshe, duk a dunƙule wuri ɗaya. Shi ya sa duk inda ake neman Mota, in ka miƙa Bas za a karɓa, don farkonta Mota ce. A ganina kalmar gado ta ɗan yi kuskure a nan, tunda magaji sai mai dukiya ya rasu yake karɓa, Bas kuwa tana goye da uwarta ne duk inda ta shiga. Su kansu masu abin ɗafa-goshi suka kira shi.

Suka bayyana dabarar a wani taro kusa da Oslo a watan Mayu na 1967, harshen ya zama Simula 67. Bjarne Stroustrup, wanda ya yi aiki da Simula yana ɗalibi a Kambirij, ya fara shigar da ita cikin harshen C a 1979, aikin da ya zama C++. Daga baya harshen Java ma ya ɗauka. Dahl da Nygaard suka sami lambar yabo ta Turing ta 2001. Dahl ya rasu a Yunin 2002, Nygaard ya bi shi a Agusta.