Tarihin Jabun Atamfa: Daga Kakuri Zuwa Kasuwar Wuse

Yau ina so mu ɗan waiwayi tarihin jabun atamfa da shadda, abin da ba a cika son faɗa a fili ba, alhali kusan babu akwatin lefen da ba ya ciki. Ni ɗan mai shagon atamfa ne a kasuwar Wuse, a tsakanin turame na tashi, karatuna kuma sakandare ne, don haka a yi haƙuri da ni.

Mu Hausawa ba baƙin tufa ba ne. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya shiga Kano a 1851, ya tarar da saƙa da rini su ne ƙashin bayan arzikin garin, har Tambutu ake kai tufafinmu. Wato a da mu ake saye wa kaya.

Abin mamaki kuma, ita kanta Holan da muke kira ta gaske, asalinta kwaikwayo ce. An kafa kamfanin Vlisco a garin Helmond na ƙasar Holan a 1846, ya riƙa kwaikwayon zanen hannu na mutanen tsibirin Jaba da inji, don ya sayar musu da araha. Su masu abin ba su karɓe shi sosai ba, sai a ƙarshen ƙarni na 19 kayan ya samu kasuwa a gaɓar Afirka ta Yamma. Sai dai a lura, sun kwaikwayi sana'ar, amma daga baya da sunansu suka yi suna.

A nan gida, gwamnatin Sardauna ta haɗa hannu da wani kamfanin Ingila aka buɗe masaƙar KTL a Kaduna a 1957, sannan UNTL ta biyo baya a 1964. Unguwar Kakuri ta cika da ma'aikata, manoman auduga na Funtuwa da Gusau suka samu masu saye. Zuwa shekarun 1980 Najeriya tana da masaƙu fiye da 100.

Daga nan al'amura suka fara juyawa. A 1986 aka shigo da tsarin SAP, darajar naira ta faɗi, aka rushe hukumar sayen auduga, ga kuma rashin wuta da tsadar mai. Ana cikin haka sai kayan Sin suka kwararo, musamman bayan 2005. Gwamnatin Obasanjo ta hana shigo da atamfa, amma 'yan fasa-ƙwauri suka bi da ita ta Kwatano da Maraɗi, ta sauka Kantin Kwari a Kano, daga can ta iso mana Wuse da Garki. Wasu kayan har zane da tambarin masaƙun Najeriya ake buga musu. KTL ta rufe a 2002, UNTL ta dakata a 2007, dubban magidanta suka koma zaman gida.

To, me ya sa muke saye? A ganina ba talauci kaɗai ba ne. Tun da gwamnati ta dawo nan a ranar 12 ga Disamba 1991, Abuja ta zama garin da ake auna mutum da rigarsa. Mai neman kwangila ya san idan ya je ofis da shadda mai ƙyalli, maigadi zai buɗe masa ƙofa da sauri, shi ya sa yake neman mai kama da Getzner ta Ostiriya ko da ba ita ba ce. Shi kuma ango tsoron 'yan ganin lefe yake yi, waɗanda za su ɗaga turmi su duba baki, su juya ciki su ga ko launin ya ratsa, su ƙirga Sufa nawa, Holan nawa. Mu da muka baro gida abin ya fi yi mana nauyi, domin idan mun je sallah ana jiran a ga abin da Abuja ta yi mana. Ka ga ashe ba tufa muke saye ba, bakin mutane muke ƙoƙarin rufewa.

Batun laifi kuwa, ni dai na kasa shi uku. Wanda ya sayi atamfar Sin da sunanta, kamar Hitarget, daidai ƙarfinsa, babu abin kunya a kansa, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Wanda ya sayi mai tambarin sata ya sa a lefe ya ce ta gaske ce, ya fara aure da ƙarya, kuma wanki biyu zai tona shi. Na uku shi ne ɗan kasuwar da ya karɓi kuɗin ta gaske ya ba da jabu har da rantsuwa. Wannan ha'inci ne tsantsa, addini ya hana, kuma shi ke sa a daina yarda da dukkanmu a kasuwa.

Iyayenmu mata, ku rage binciken akwati, domin ku ne kuke tura samari wajen jabu. 'Yan uwana 'yan kasuwa, mu kira kowane kaya da sunansa, mai saye ya zaɓa. An ce araha ba ta ado, amma araha da gaskiya ta fi tsada da ƙarya. Kuma duk sanda muka ga tambarin sata a bakin zane, mu tuna da ma'aikatan Kakuri.

Allah ya ba mu halal ɗinmu, ya rufa mana asiri. Wassalam.