Naɗin Tesla

Naɗin Tesla wani nau'in taransfoma ne da Nikola Tesla ya ƙirƙira a Amurka a shekarar 1891. Yana da naɗin waya biyu marasa ƙarfe a tsakiya, waɗanda ake daidaita saurin kaɗawar wutarsu ya zo ɗaya. Hakan kan ɗaga ƙarfin wutar zuwa dubban ɗaruruwan bolt, har tartsatsi mai kama da walƙiya ya riƙa fita daga samansa. An yi amfani da shi a na'urorin aika saƙon rediyo har zuwa shekarun 1920.

A yau masu sha'awar lantarki na haɗa shi a gida. Wasunsu na iƙirarin yana samar da wuta kyauta, amma wutar da yake fitarwa ba ta taɓa wuce wadda aka ba shi. Taɓa shi yana iya kisa.