Silima Mai Tudu da Kwari: Yadda Ciwon Kai Ya Karya Wata Kasuwa

Batunmu ya faro ne daga halittar ido. Tsakanin idanun mutum akwai ratar kimanin santimita shida, kowanne yana ganin abu ta ɓangarensa, ƙwaƙwalwa kuwa ta haɗa hotunan biyu ta rarrabe kusa da nesa. Wani masani a Ingila, Charles Wheatstone, ya bayyana wannan a 1838, har ya ƙera na'urar da ke ba kowane ido nasa hoton. A kan wannan tushe aka gina silima mai tudu da kwari, wadda ake kira 3-D.

Sa'ad da talabijin ta soma janye 'yan kallo a Amurka, masu silima suka nemi abin da akwatin gida ba zai iya ba. A Nuwamba 1952 aka fitar da Bwana Devil, labarin zakunan da suka addabi masu shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa a Kenya. Jama'a suka yi dafifi, kowa sanye da tabarau na musamman. A 1953 House of Wax ya biyo baya, wanda mai shirya shi, André de Toth, ido ɗaya gare shi, watau bai iya ganin zurfin da ya shirya wa mutane.

Amma kasuwar ba ta cika shekara biyu ba. Dalili kuwa, majigi biyu ake kunnawa tare, kowanne da nasa zaren fim. In ɗaya ya riga ɗan'uwansa ko da hoto guda ne, ko ya fi shi haske, sai idanu su shiga kokawar daidaita abin da ba ya daidaituwa, mai kallo ya tashi da ciwon kai, wani har da jiri da tashin zuciya. Kafin 1954 ta ƙare an juya wa abin baya. Dial M for Murder na Alfred Hitchcock, wanda aka ɗauka da wannan dabara, a shimfiɗe aka nuna shi a yawancin gidaje.

Da aka fitar da Avatar a 2009, majigin zamani ya riga ya kau da yawancin waɗancan kurakurai, duk da haka kukan bai ƙare ba, domin akwai wata matsala da ba ta na'ura ba ce. A al'ada, inda idanu biyu suka karkata, nan kowanne ke tsai da ganinsa. A wannan silima kuwa, gani yana tsaye a kan allo, alhali idanu suna karkata ga abin da ya yi kamar zai taɓa hanci. Wannan saɓani ne ke gajiyar da su, musamman ga wanda idanunsa ba su aiki tare sosai.

A 2017 kamfanonin Sony da LG suka daina ƙera talabijin mai wannan dabara. Injiniyoyi sun gyara majigi, amma ido yana nan yadda Allah ya halicce shi, kuma mai ido shi ne ke biyan kuɗin tikiti.